Alif a Randa Lafiya, Alif a Allura Makirci?

Jama'ar Nguru da Gashuwa, ina gaisuwa, musamman 'yan majalisar mai shayi waɗanda ba a taɓa kawo maganar da ta gagare su ba. Ku ne kuka san abin da ya karya naira, ku ne kuka san wanda zai ci zaɓe tun ba a buga takardar ƙuri'a ba, kuma ku ne kuka bankaɗo cewa allurar rigakafin ciwon hanta shiri ne da aka ƙulla a ƙasar waje don a rage mu. Allah Ya ƙara basira. Yau dai ku matsa mini a benci, domin maganar tana da ɗan tsawo. Shakkunku yana burge ni, wallahi. Abin da ke ba ni haushi kawai shi ne inda kuke kashe shi.

Kafin wani ya ɗaga mini yatsa, ban manta da Kano ba. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a asibitin cututtuka masu yaɗuwa. Cikin yara 200 da aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa, aka yi ta jan shari'a har 2009 da kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda ya ga wannan, in ya hango kwalba da sirinji ya ja da baya, ban ga laifinsa ba. Amma Trovan sabon magani ne da ake gwadawa a lokacin. Allurar da muke magana a kai kuwa tun 1986 ake yin irinta, an yi fiye da biliyan ɗaya a duniya, sai a 2004 ta shigo jadawalin rigakafin yaran Najeriya. In ma gwaji aka yi, mu a ƙarshen layi muka iso, yadda muka saba.

Ga abin da ake gudu. Binciken gida-gida da gwamnatin tarayya ta yi a 2018, wanda ake kira NAIIS, ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B. A maza kashi 10.3 ne, a mata 5.8. Wato in ku goma ne a kan bencin nan... a'a, kada ku fara satar kallon juna. Mai ita ba shi da alama, sau da yawa ma shi ne mai ƙiba da annuri. Takan yi shekara ashirin ko talatin tana cin hanta a ɓoye, sai ranar da ido ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura, a ce jifa ne, a zaga wajen masu magani, sannan a kwaso mutum zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru bayan hantar ta ƙeƙashe ko daji ya kama ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ɗauke da ita a 2022 sun kai miliyan 254, kuma a shekarar ta kashe kimanin miliyan 1.1. Mu nan muna da ƙarin nauyi. Tun da jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930 ake lodin gyaɗa daga yankin nan, kuma gyaɗa ko masarar da ba ta bushe da kyau ba takan yi funfuna mai barin gubar afalatoksin. In wannan guba ta tarar da ƙwayar B a hanta ɗaya, haɗarin dajin hanta ninkuwa yake yi sau da yawa.

Gumi ba ya yaɗa ta, cin tuwo a kwano ɗaya ba ya yaɗa ta, don haka ku daina ware wa bawan Allah kofi. Hanyoyinta jini ne, da saduwa, da uwa zuwa jariri wajen haihuwa. Ƙwayar tana iya yin kwana bakwai a raye a kan aska ko reza. To yanzu duba kanka, Malam. Kai ne ka rantse ba za a soka maka sabuwar allura da aka ɓare daga leda a gaban idonka ba. Kai ne kuma jiya ka miƙa wa mai yankan farce yatsunka a bakin tasha, da almakashin da ya gama da wasu kafin kai, ya ɗan goga a gefen wandonsa, kana ta hira ko a jikinka. Kai ne ka kwanta aka yi maka ƙaho, ba ka tambayi inda askar ta kwana ba. Nan ne wurin shakku, amma nan shakkun naka yake tafiya hutu.

To me ke cikin kwalbar? Ɗan bokon majalisa, wanda ya kalli bidiyo uku a WhatsApp ya zama farfesa, ya ce jinin mutane ne. Ɗan'uwa, labarinka ya kwana, ya kwana da shekaru. A 1965 wani likita Ba'amurke, Baruch Blumberg, ya ga wani baƙon furotin a jinin wani ɗan asalin Ostareliya, daga baya aka gane ɓawon ƙwayar ciwon hanta ne. Wannan ya ba shi kyautar Nobel a 1976, kuma ranar haihuwarsa, 28 ga Yuli, ita ce yanzu ranar ciwon hanta ta duniya. Rigakafin farko, wanda Maurice Hilleman ya haɗa a kamfanin Merck aka amince da shi a 1981, gaskiya ne daga jinin masu ɗauke da cutar aka tato wannan ɓawo, aka bi shi da sinadarai iri uku masu kashe kowace ƙwaya. Sai ga ƙanjamau ta ɓulla a daidai lokacin. Amurkawa da yawa, har da ma'aikatan asibitinsu, suka ce ba da su ba, alhali allurar lafiyarta ƙalau. Kun ga ba ku kuka fara ba, kuna da 'yan'uwa a can.

Abin da ya raba gardama shi ne yis, ɗan'uwan wanda mai fanke da gidan burodi ke zubawa a ƙulli. William Rutter da Pablo Valenzuela, mutumin ƙasar Chile, da abokan aikinsu a Amurka suka ciro ɗan guntun tsarin halittar ƙwayar, wanda ke ɗauke da umarnin yin ɓawon kaɗai, suka dasa shi a cikin yis. Yis ya yi ta hayayyafa a manyan tankuna yana ƙera ɓawon, a fasa shi, a tace, a zubar da dusar. A 1986 aka amince da Recombivax HB, rigakafin ɗan Adam na farko da aka yi ta wannan hanya. Babu jinin kowa a ciki, babu ƙwayar cuta mai rai ko matacciya. Ɓawo ne zalla, ba zai iya haihuwa a jikinka ba, ba zai iya sa maka ciwon hanta ba ko da ya so.

A nan ne masana suka haɗu da ciwon kai, kuma akasin naku ne. Ku kuna kukan allurar ta yi ƙarfi, su kuwa kukansu ta yi laushi. Ɗauki 'yan sintirin unguwa. Kana so su san wani ɓarawo tun kafin ya zo, sai ka samo rigarsa wankakkiya gogaggiya, ka rataye a bakin layi da rana tsaka, ka ja bakinka ka yi shiru. Wa zai kula? Wucewa za su yi su tafi cin abinci. Amma rataye ta ka kwarma ihu, kowa ya fito da gora, a taru a kan rigar a ƙare mata kallo. Daga ranar duk wanda ya shigo da irinta ya shiga uku. Ɓawon da yis ya ƙera shi ne rigar. Ihun kuwa wani sinadari ne daban da ake haɗawa a kwalbar, ɗan zuga, aikinsa ya tayar da garkuwar jiki ta zo ta duba. Kusan duk wahalar da ake sha wajen inganta wannan allura a kan ɗan zugan nan take.

Yadda aka gano shi ma abin dariya ne. Gaston Ramon likitan dabbobi ne a Cibiyar Pasteur ta Faransa, yana yi wa dawakai allura don ya samu maganin mashaƙo daga jininsu, wannan mashaƙon da ya dawo mana a 2023, Kano da Yobe suna kan gaba. Sai ya lura dokin da wurin allurarsa ya yi ƙurji ya fi sauran samar da garkuwa. A 1925 ya shiga haɗa allurar da abubuwa iri-iri don ya tsokano jikin da gangan, har da ɓarɓashin burodi da sitacin rogo. Eh, rogo. Shekara guda bayan nan, a 1926, Alexander Glenny a Ingila ya gwada alif, ya ga garkuwar ta tashi sosai. Tun daga shekarun 1930 ake sa dangin alif a alluran mutane.

Na ji wani ya ce, "Alif? Ai kun ji, ashe da gaske akwai sinadari!" Sannu da gano bakin zaren. Alif ɗin nan da Inna ke jefawa a randa da damina in an ɗebo ruwan kogi ya yi jawur, laka ta kwanta, kowa ya sha ya yi hamdala, ba ka taɓa kiran taron gaggawa a kansa ba. Wanda ke cikin allura ɗan'uwansa ne, gishirin alminiyam mai tsabta, kuma ga yawansa: a allurar yaro ta Engerix-B kwatan miligiram ne, wato ka raba giram ɗaya gida dubu huɗu ka ɗauki ɗaya. Ɓawon kansa maikurogiram 10 ne ga yaro, 20 ga babba, shi kuma maikurogiram giram ne aka raba gida miliyan. Sauran ruwa ne da gishiri, sai ɗan sinadarin hana lalacewa a kwalbar da ake ɗiba wa mutum goma. Ɓawon yana manne a jikin alif ɗin, wurin ya ɗan yi zafi, dakarun jini su taru, su kwashi ɓawon su kai shi kaluluwar da ke kusa, a can a koya wa jiki kamanninsa. Hannun da ya yi maka tsami kwana biyu har ka zo majalisa kana shelar an sa maka guba, ihun ne ka ji.

Yanzu ga tambayar da ya kamata a ce ku kuka fara yi, ba ku yi ba: in an yi wa mutum allurar, ta kama? Domin ba kowa take kamawa ba, kuma masu yin ta ba su ɓoye wannan ba. Ana aunawa a jini wata ɗaya zuwa biyu bayan allurar ƙarshe, in garkuwar ta kai ma'auni 10 a kowace mililita an tsira. Jarirai fiye da 95 cikin 100 suna kaiwa. Matasa masu lafiya fiye da 90. Daga shekara 40 abin ya fara sauka, a wajen shekara 60 kusan mutum ɗaya cikin huɗu ba ya kaiwa. Teɓa tana rage kamawa, taba tana ragewa, ciwon suga yana ragewa, kuma maza sun fi mata taurin kai a nan ma. Alhaji, ranka ya daɗe, kai da ke tsoron kada allura ta fi ƙarfinka, da shekarunka da tumbinka da kwalin sigarin da kake ɓoyewa a mota, abin tsoron shi ne jikinka ya ga rigar ya ci gaba da barci. Jikanka na kwana ɗaya ya fi ka iya karɓarta.

Wata ɓarnar kuma mu muke yi da hannunmu. Allurar babba uku ce: yau, bayan wata ɗaya, sannan a wata na shida. Ta farko ita kaɗai ba ta kare ko rabin mutane da kyau, ta biyu ta kai su wajen kashi uku cikin huɗu, ta ukun ce ke ɗaure kayan ya daɗe. Amma sai a zo gangami a yi wa mutum ɗaya, ya karɓi kati ya jefa a aljihun rigar da za a kai wanki, shi ke nan, ya shiga gari yana cewa ai shi an yi masa. Ga kuma wurin sokawa. Mun saba in an ce allura sai a juya baya a sassauta tazuge. Wannan ba ta son mazaunai, domin a can kitse take faɗawa, inda dakarun ba su da yawa, an gwada an ga kamawar tana raguwa. Ga babba a tsokar dantse ake yi, ga jariri a gefen cinya. In ka je kemis yaron shago ya ce ka juya, ka ce masa a'a, ga hannu. Nan taurin kanka zai yi rana.

A nan zan ɗan rage wasa, domin maganar ta iso gida. Babu mutumin Gashuwa da zan koya wa ciwon ƙoda. Daga Katuzu zuwa Zango, daga Jakusko zuwa Karasuwa har Nguru, da wuya ka samu zuri'ar da ba ta yi jinya ko zaman makoki a kansa ba. Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri sun daɗe da lura da yawan masu zuwa musu daga ƙasar Bade, cibiyar bincike ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe tana bin diddigin lamarin, gwamnatin jiha kuma tana yin wankin ƙoda kyauta a asibitin koyarwa na Damaturu. Wanda ya ce allurar hanta ce ta kawo ciwon, ya yi lissafi: masu fama da shi akasari manya ne, an haife su tun kafin 2004, yawancinsu ba su taɓa ganin kwalbar ba.

Abin da ya haɗa ƙoda da hanta shi ne wannan. Mai wankin ƙoda jininsa yana fita ya bi ta inji ya dawo, ana huda shi sau biyu ko uku a mako, sau da yawa ana yi masa ƙarin jini. Yana cikin waɗanda suka fi shiga haɗarin ɗaukar ƙwayar B. Shi ya sa ake gwada kowa kafin a ɗora shi, kuma masu ɗauke da ita inji daban ake ware musu. Ga shi kuma dattin da ƙoda ta kasa fitarwa yana dakushe garkuwar jiki, har ya zama in an yi wa masu wanki allurar da ake yi wa kowa, da kyar shida cikin goma su kai ma'aunin nan na 10, waɗanda suka kai ma garkuwarsu ta fi saurin zubewa. Wanda ya fi kowa buƙatarta shi ta fi ƙin kamawa.

Dabarar farko da likitoci suka yi mai sauƙi ce, a ƙara yawa. Maimakon maikurogiram 20 a ba shi 40, maimakon allura uku a yi huɗu, yau, wata ɗaya, wata biyu, wata shida, a auna jini, a sake aunawa duk shekara, in ta sauka ƙasa da 10 a ƙara ɗaya. Dabara ta biyu ita ce a sauya ɗan zugan. An gano jikinmu yana da masu gadi da ke gane tambarin ƙwayoyin bakteriya tun daga nesa, aikin da ya sa aka ba Bruce Beutler da Jules Hoffmann kyautar Nobel a 2011. Kamfanin GlaxoSmithKline ya ɗauko wani maiƙo daga bangon ƙwayar Salmonella, dangin mai kawo taifod. Alhaji, zauna, ban gama ba. An cire masa dafin, tambarin kawai aka bari, aka haɗa shi da alif. Wannan ita ce Fendrix, wadda Turai ta amince da ita a 2005 musamman don masu ciwon ƙoda. Kamfanin Dynavax na Amurka kuma ya haɗa wani ɗan guntun DNA a ɗakin gwaji mai kama da na bakteriya, ya sa shi a madadin alif. Sunanta Heplisav-B, allura biyu ce cikin wata ɗaya. A babban gwajin da aka yi, ta kare kashi 95 cikin 100 inda tsohuwar ta kare 81, a masu ciwon suga kuma 90 da 65.

Ku ji wani abu da zai yi muku daɗi. Hukumar kula da magunguna ta Amurka sau biyu tana mayar wa Dynavax da takardunsa, a 2013 da 2016, tana cewa a kawo ƙarin hujja cewa allurar ba ta cutarwa, sai a Nuwamban 2017 ta sa hannu. Su ma masu shakku ne irinku, bambancin dai su da alƙalami da lissafi suke yin nasu, ku da kofin shayi. Wani kamfanin, VBI, ya bi ta wata hanya, ya ce a nuna wa jiki sassa uku na ɓawon maimakon ɗaya. An amince da allurarsa PreHevbrio a Amurka a 2021, a 2024 kamfanin ya karye, allurar ta bar kasuwa. Wannan wane irin makirci ne da ke rasa jari?

Waɗannan sababbin ba sa cikin jadawalin gwamnatinmu, kuma suna da tsada. Amma akwai abin da ya fi su araha, shi ne lokaci. Ƙodar da ta fara rauni amma ba ta kai ga inji ba, mai ita yana karɓar allura fiye da wanda aka riga aka ɗora. Ranar da likita ya ce ƙoda ta fara gajiya, ranar ya kamata a gwada hanta a fara allura, ba sai an shiga motar Damaturu ba.

Lokacin da ya fi kowanne tsada kuwa shi ne awa 24 na farkon rayuwa. Babba in ya kamu da ƙwayar B, fiye da 95 cikin 100 jikinsu yana kore ta da kansa. Jaririn da ya ɗauka wajen haihuwa, tara cikin goma sun riƙe ta ke nan har tsufa, in sun kai tsufan. Allurar ranar haihuwa ita ke tare wannan hanya, sai a biyo da ta haɗaka mai maganin cuta biyar, wadda aka shigo da ita a 2012, a mako 6, 10 da 14. A cikinta ma akwai rigakafin mashaƙo. Mu kuwa fa? Yawancin haihuwar ƙauyukanmu a ɗaki ake yi, kuma Hajiya kaka ta kafa doka jariri ba ya leƙa waje sai an yi suna, kada iska ta taɓa shi. Hajiya, Allah Ya ja kwana, wanzami dai an bar shi ya shigo da askarsa ya cire beli, malamar asibiti ce da sabuwar allura ba ta da izini? In jaririn ba zai fita ba, uban ya fita, ya je asibitin sha-ka-tafi ya faɗa musu an haihu, ya ji yadda za a yi. In kuma awon ciki ya nuna uwar tana da ƙwayar da yawa a jini, akwai maganin tenofobir da ake ba ta a watannin ƙarshe don a rage ta kafin haihuwa.

Ga wani aikin bincike na ba ku kyauta, tunda kuna son bincike. Kowa ya san zafin Nguru a watan Afrilu, sai ku ɗauka rana ce babbar abokiyar gabar allurar. Tana jure zafi fiye da yawancin alluran rigakafi. Ƙanƙara ce ke kashe ta. Tsakanin digiri 2 da 8 ake ajiye ta, in ta daskare sau ɗaya alif ɗin ya dunƙule, ɗan zuga ya mutu, ko ta narke ba ta dawowa. Ma'aikacin da ya san aikinsa ba ya ɗauko robar ƙanƙara daga firiza ya jefa a akwatin sanyi kai tsaye. Yakan ajiye ta a kan tebur har ta fara gumi, ya girgiza ya ji ruwa yana motsi a ciki, sannan ya jera, ya sa kwalaben a tsakiya. In yana zargin wata kwalba, sai ya daskarar da 'yar'uwarta da gangan, ya bari ta narke, ya girgiza su tare ya ajiye gefe da gefe a wurin haske. Lafiyayya takan daɗe fari tas kamar madara. Wadda ta daskare nan da nan take kwanciya, gudaji-gudaji a ƙasa, ruwa garau a sama. A jikin takardar kwalbar kuma akwai da'ira da ɗan murabba'i a ciki. In murabba'in ya fi da'irar haske, zafi bai lalata ta ba, in ya yi duhu kamarta ko ya fi ta, a zubar. Ka ce a nuna maka, cikin ladabi. Ma'aikacin kirki ba zai ji haushi ba, mai sayar da allura daga firij ɗin lemo ne zai ɓata rai.

Saura manyan hujjojinku biyu. Ta farko, wai tana hana haihuwa. Yaran da aka fara yi wa a 2004 sun haura ashirin, su ne kuke cin shinkafar bikinsu, su ne kuke zuwa sunan 'ya'yansu a Hausari da Bulabulin har kuna ƙorafin kuɗin gudummawa ya ishe ku. Gambiya ta fara tun 1986, Taiwan tun 1984, a Taiwan ɗin ma har an ga dajin hanta ya ragu a yara. Ta biyu, wai me ya sa kyauta, alhali maganin zazzaɓi sai ka saya? Tambaya ce mai kyau, amsarta kasuwa. Da farko allurar tsada gare ta ƙwarai, sai kamfanonin Indiya da Koriya ta Kudu suka koyi dabarar yis, irin su Shantha da ya fito da tasa a 1997, farashi ya faɗi har UNICEF take sayen ta yaro a ƙasa da rabin dala. Gwamnati da ƙawancen rigakafi na Gavi ke biya, domin ya fi jinyar dajin hanta sauƙi nesa ba kusa ba.

Kuma Alhaji, tsakanina da kai, lokacin da kujerar Makka ta fito ai ba ka tambayi me ke cikin allurar sanƙarau da ta shawara ba. Hannun riga ka naɗe, kana murmushi, har kana tambaya ko akwai saura. To Saudiyyar nan tun 1989 take yi wa jariranta wannan allura ta hanta, yaran da ke ɗauke da ƙwayar suka sauko daga kusan kashi 7 zuwa ƙasa da kashi 1 cikin shekara goma, kuma tun 2008 ba a ɗaura aure a can sai an gwada. Kano ma ta kafa irin wannan doka a 2024. In gwaji ya nuna ɗaya yana da ita, ba dole a fasa aure ba, a yi wa ɗayan allura, a auna a tabbatar ta kama.

Abu ɗaya ne allurar ba ta yi, ba ta warkar da wanda ya riga ya kamu, shi ya sa babba yake fara yin gwaji. A wannan giɓin mai mota da lasifika yake kafa kasuwarsa, da jarkar da ke maganin hanta da basir da sanyi da mantuwa. Ya san babban da ya yi sabon kamu da kansa yake warkewa, sai ya karɓi godiyar. Wanda ta zauna masa kuwa ya sha jarka uku, hanta na nan yadda take, ƙoda ta ƙara wahala. Shi mai motar ba ku taɓa tambayarsa me ke cikin jarkar ba, ko wa ya auna, ko a wane digiri ya ajiye. Mai ɗauke da ƙwayar wurinsa asibiti ne, a duba ko yana buƙatar magani, a riƙa bibiyar hantarsa, a gwada matarsa da 'ya'yansa a yi musu allura.

Ga hukumomin lafiya na Yobe, roƙona ɗaya ne: duk inda aka kafa rumfar gwajin ƙoda a Bade, Jakusko, Karasuwa ko Nguru, a ajiye gwajin hanta da akwatin allura a tebur na gaba, kuma wanda ƙodarsa ta fara rauni a ba shi ninki biyu a auna masa jini daga baya. Ku kuma 'yan majalisa, wanda ke da majinyacin ƙoda a gida ya tambayi likita gobe ko an gwada masa hanta, ko an yi masa allura, nawa aka ba shi, kuma an auna ta kama. Wanda matarsa ke da tsohon ciki ya san asibitin da zai nufa ranar da ta sauka, tun kafin ya fara neman ragon suna.